Tambaya da Amsa: Almakashin da ke jikin sel, wa ke riƙe da shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni uku na ɗauko a wannan fitowar, kuma da gangan na jera su wuri ɗaya, don waɗanda suka aiko su ba su san juna ba amma duk abu ɗaya suke taɓowa, ɗaya daga aji, biyu daga gefen gadon majinyaci.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗaliba ce, ina karanta bayokemistiri. An koya mana cewa akwai enzayim irin su ADAM17 da ke yanke furotin daga fatar sel su sake shi ya tafi. Abin da ya ɗaure min kai shine, shi enzayim ɗin a fatar sel yake zaune, abin da zai yanka ma a nan yake kusa da shi, toh me ya hana shi yanke komai gaba ɗaya? Wa ke ce masa yanzu yanka, yanzu dakata?

AMSA: Wa alaikissalam ƙanwata. Wallahi tambayar nan ta min daɗi, don ita ce masu bincike suka fi shekara 25 suna fama da ita, kuma ke da kanki kika gano ta ba wanda ya nuna miki.

Bari in ɗan jawo waɗanda ba 'yan ajinku ba tukun. Jikinmu an gina shi ne da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, su ake ce wa sel, kowanne da siririyar fata ta kitse da ta lulluɓe shi. A jikin fatar nan akwai furotin kala-kala a kafe, gindi a ciki kai a waje, kamar yadda gashi yake a fatarki. Wasu saƙo ne da sel ke son aikawa, wasu kunnuwa ne na jin saƙon wasu, wasu kuma ƙugiya ce da sel ke maƙale maƙwabcinsa da ita. Toh sau da yawa sel ba ya tura saƙo kai tsaye, sai ya ƙera shi ya kafe a fata ya bar shi nan, ranar da buƙata ta taso sai almakashi, wato enzayim ɗin da kika ambata, wani furotin da aikinsa yanka ne, ya zo ya datse shi daga wajen gindi, kan ya faɗa ruwan jiki ya kama hanya. Misalin da kowa ya fi sani shine TNF, wanda ke tada kumburi idan ƙwayar cuta ta shigo. A kafe nauyinsa kilodalton 26 ne, wato ma'aunin nauyin furotin, idan aka datse shi wanda ke yawo a jini 17 ne.

A 1997 aka kama almakashin da ke wannan aiki, ƙungiya biyu lokaci ɗaya, ta Roy Black a kamfanin Immunex a Amurka da ta Marcia Moss a Glaxo Wellcome, duka suka buga a mujallar Nature. Suka sa masa suna TACE, daga baya aka tsaya kan ADAM17. Yana da ƙwayar zinki ɗaya a bakinsa, da ita yake yankan, kuma danginsa na kusa suna cikin dafin wasu macizai, irin dafin da ke sa jini ya yi ta tsiyaya. A lokacin kowa ya ɗauka aikinsa TNF ne kawai.

Shekara ɗaya bayan nan, 1998, aka samar da ɓerayen da ba su da ADAM17 mai aiki, kuma abin da aka gani ba wanda ya zata. Kinga ɗan ɓera lafiyayye ana haifarsa jajir, idonsa a liƙe ruf, fatar ido ta sama da ta ƙasa sun haɗe tun yana ciki, sai ya yi wajen sati biyu kafin ya buɗe. Waɗannan kuwa sai aka haife su ido a buɗe, fatar idon bata taɓa haɗewa ba, gashi da fata da huhu da zuciya duk da matsala, yawancinsu suka mutu daf da haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Me ya haɗa kumburi da fatar ido? Ashe almakashin nan shi ke sakin saƙonnin girma irin su TGF-alfa da HB-EGF, waɗanda ke gaya wa sel na fata su rarrafa su rufe wuri. Yanzu an lissafa furotin sama da 80 da yake yanka. Kin ga kenan tambayarki ta ƙara nauyi, almakashi ɗaya, abin yanka 80, dole a ce akwai mai riƙe da shi gam.

Tun daga ƙira ake fara riƙe shi. Sel yana ƙera ADAM17 ne da kube a bakinsa, wani ɓangare na jikinsa da ke toshe wajen yankan, don kar ya fara ɓarna tun yana cikin masana'antar sel, wato ER. Sai ya isa Golji, inda ake gyara kaya kafin a fitar, wani enzayim mai suna furin ya datse kuben. Wannan an daɗe da sani. Abin da ya daɗe yana damun mutane shine idan aka duba sel sai a tarar da yawancin ADAM17 a jibge cikin ER da kubensa, bai motsa ba, kaɗan ne ke kaiwa fata, kamar akwai wanda ke tsaye a ƙofa yana zaɓen wanda zai fita.

A farkon 2012 aka gane ko waye. Ƙungiyar Matthew Freeman a Ingila da ta Tak Mak a Kanada suka nuna cewa akwai wani furotin, iRhom2, wanda idan babu shi ADAM17 ba ya fita daga ER kwata-kwata a cikin fararen ƙwayoyin jini masu cinye cuta. Abin da ke burge ni da iRhom shine shi ma asalin danginsa masu yanka ne, dangin da ake kira romboyid, amma shi bakinsa ya dakushe tun fil azal, ba ya iya yanka komai, sai ya koma ɗan rakiya. Ya ratsa fatar sel sau bakwai, ya rungume ADAM17 ya raka shi Golji a cire kube, ya raka shi har fata, kuma ko da sun isa ba ya sakinsa. Biyu ne a jikinmu, iRhom1 da iRhom2, ki riƙe wannan don zai dawo a tambaya ta gaba.

Yanzu ga almakashi a fata ba kube, amma shiru, kusan ba ya komai. Idan kika shiga lab kika ɗiga wa sel sinadarin PMA, wanda ke tada enzayim ɗin PKC a ciki, cikin 'yan mintoci za ki ga kayan da aka datse sun fara taruwa a ruwan da sel ke kwance a ciki. 'Yan mintoci fa, lokacin bai isa a ƙera sabon enzayim ba, wato wanda ke nan ne aka tasa. Kowa ya ce ai ta wutsiyarsa da ke cikin sel ake ba shi umarni, tunda akwai wuraren da ake liƙa mata fosfet, ɗan sinadarin da sel ke manna wa furotin don kunna shi ko kashe shi. Sai aka guntule wutsiyar gaba ɗaya, enzayim ya ci gaba da amsa kira kamar ba abin da ya faru. Sai a 2017 ƙungiyoyi biyu suka nuna cewa doguwar wutsiyar iRhom2 ce ke karɓar saƙon, enzayim irin su ERK su liƙa mata fosfet, furotin da ake kira 14-3-3 su zo su kama wurin, riƙon da iRhom ya yi wa almakashin ya sassauta, yanka ya fara. Akwai ma wani na uku, FRMD8, wasu suna ce masa iTAP, da aka bayyana a 2018, shi yana tallafe su biyun ne a fata don kar sel ya haɗiye su ya narkar.

Daga waje ma akwai masu tsaro. Wani furotin, TIMP3, yana zaune a tsakanin sel yana cusa kansa bakin enzayim ya toshe zinkin, akwai kuma enzayim ɗin PDI da ke sauya ɗaurin da ke wuyan ADAM17 ya lanƙwashe shi ya daina aiki. Zan wuce waɗannan da sauri don inda na fi so ki tsaya ki duba shine shi kansa abin da ake yankan, saboda shi ma yana da ta cewa.

Ɗauki L-selektin. Ƙugiya ce a jikin farar ƙwayar jini mai suna nutirofil. Idan wuri ya kumbura, za ki ga a madubin lab nutirofil da jini ke gudu da shi ya fara rage sauri, yana mirgina a bangon jijiya, ya kama ya saki ya kama ya saki, da wannan ƙugiya yake yi. Daga ciki akwai wani furotin mai suna kalmodulin riƙe da wutsiyar ƙugiyar, muddin yana riƙe, wurin yankan ba ya samuwa. Da nutirofil ya ji kiran gaske, kalmodulin ya saki, ADAM17 ya aske ƙugiyoyin cikin mintoci. Misali na biyu kuma Notch, kunne ne da sel ke jin saƙon maƙwabcinsa da shi, wanda ɗan'uwan ADAM17 wato ADAM10 ke yanka. Shi Notch ya naɗe wurin yankansa ya ɓoye a cikin jikinsa, almakashi zai iya zama kusa da shi kwana da kwanaki bai ga inda zai sa baki ba, sai sel maƙwabci ya kama kan Notch ya ja shi da ƙarfi, ja na gaske irin na igiya, naɗin ya warware, sannan a yanka. Ta haka sel ke tabbatar da cewa saƙon daga wanda ke jikinsa ya zo. Idan ƙwayar gadon Notch, wato umarnin ƙera shi da ake gada daga iyaye, ta lalace har naɗin ya riƙa warwarewa ba tare da an ja ba, saƙon girma ba ya tsayawa, kuma a 2004 an gano cewa fiye da rabin masu wani nau'in kansar jini da ake kira T-ALL suna da lalacewa a Notch1, ɗaya daga cikin nau'o'in Notch.

Shi ma ADAM10 yana da nasa 'yan rakiya, wasu furotin guda shida da ake kira tetraspanin, kuma wanda ya rako shi yana da tasiri kan inda zai zauna da abin da zai fi yanka.

Ni dai a ganina kuskuren da ake yi wajen koyar da wannan darasi shine a zana enzayim shi kaɗai a allo da kibiya. Idan za ki zana a jarrabawa, ki zana shi da iRhom a gefensa, don a sel mai rai haka suke.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Matata tana fama da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓa, yatsunta da safe ba sa lanƙwasuwa. Likita ya sa ta kan allurar da ya ce tana kama TNF. Na karanta cewa akwai enzayim da ke sakin TNF ɗin. Me ya sa ba a yi ƙwaya da za ta kashe enzayim ɗin ba a huta da allura?

AMSA: Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya ba maiɗakinka lafiya. Tunanin da ka yi shi kamfanonin magani suka yi tun ranar da aka gano enzayim ɗin, kuma sun zuba kuɗi da shekaru a kai. An yi ƙwayoyin, an kai wasu har gwaji a jikin mutane, irin su apratastat, amma ba wadda ta kai kasuwa, wata bata rage ciwon ba, wata ta taɓa hanta. Matsala ta farko bakin ADAM17 ya yi kama sosai da na wasu enzayim masu zinki da yawa a jiki, maganin da zai toshe wannan sai ya toshe waɗancan. Tun kafin nan ma an ga haka da marimastat da aka gwada wa masu kansa, ya riƙa sa musu ciwon gaɓɓai da jijiyoyi, ka ga kuwa ba abin da za a ba mai amosani ba ne.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, kuma mutane ne suka nuna mana ita. A 2011 likitoci a Landan suka ba da rahoton wasu yara biyu 'yan'uwa, mace da namiji, da aka haifa ba su da ADAM17 mai aiki. Sun rayu, ba kamar ɓerayen ba, amma tun suna jarirai fatarsu ke kumbura tana ƙuraje, ga gudawa, ga gashi mai karyewa, ga ƙwayoyin cuta da ke yawan kama fatar, yarinyar ta rasu tana shekara 12. Fata da hanji kullum cikin gyaran kansu suke, kuma da saƙonnin girman da almakashin nan ke saki suke gyaran. Ka kashe shi a ko'ina, ka kashe gyaran.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba, shi wannan almakashin da ke sakin TNF shi ne kuma ke datse kunnuwan da ke jin TNF daga jikin sel. Kunnen da aka datse yana yawo a jini yana cafke TNF kafin ya isa ko'ina, shi kuma sel da aka aske wa kunne ya daina jin kiran. Wato hannun da ya kunna wutar shi ke ɗebo ruwan. Ɗaya daga cikin alluran da ake bayarwa, etanercept, da aka amince da ita a Amurka a 1998, wannan dabarar ta jiki aka kwaikwaya, kan kunnen TNF ne aka haɗa da gindin garkuwa, wato furotin ɗin da jiki ke ƙerawa don cafke cuta, don ya daɗe a jini, kuma kamfanin Immunex ɗin da aka gano enzayim ɗin a cikinsa shi ya ƙera ta. Sauran irin su infliximab da adalimumab garkuwa ce da ke kama TNF kai tsaye.

Inda nake da fata shine wajen iRhom2. Sel na garkuwar jiki da shi suka dogara, sauran sassan jiki kuwa suna da iRhom1 da zai riƙe aikin. Ɓerayen da aka cire wa iRhom2 ana haifarsu lafiya lau ido a rufe, fata ƙalau, amma fararen ƙwayoyin jininsu ba sa iya sakin TNF, kuma a 2013 ƙungiyar Carl Blobel a Niyok ta nuna cewa amosanin gwaji ba ya cin gaɓɓansu kamar na sauran. Idan aka cire duka biyun sai a koma gidan jiya, ido a buɗe da mutuwa. Kenan maimakon a karya almakashin, ana iya tare ɗan rakiyarsa a wuri ɗaya kawai. Amma shi ma da sharaɗi, waɗancan ɓerayen sun kasa yaƙar ƙwayar listeriya yadda ya kamata, don TNF ba abokin gaba ba ne, soja ne da ya wuce gona da iri. Kuma idan iRhom2 ya yi ƙarfi fiye da kima shi ma bala'i ne, akwai iyalai da aka fara bayyanawa a Ingila a 1958 masu kaurin fatar tafin hannu da tafin ƙafa da kuma haɗari babba na kansar maƙoshi, sai a 2012 aka gano lalacewar a ƙwayar gadon iRhom2 take, a wannan wutsiyar dai da na yi wa ɗalibarmu bayani.

Don haka don Allah kar ta bar allurarta tana jiran ƙwaya. Kuma tunda maganin yana rage TNF, ku tabbata an yi mata gwajin tarin fuka, don yana iya tada wanda ya kwanta a jiki, idan ta fara tari mai daɗewa ko zazzaɓi ko zufar dare ko rama, ku koma wajen likita a ranar, kar a ce bari a gani.

TAMBAYA: Malam mahaifinmu ne aka ce yana da cutar mantuwa ta Alzaima, har sunayenmu yana ruɗewa. Na ji ana cewa wai wani yanka ne da ake yi ba daidai ba a ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne?

AMSA: Allah sarki 'yar'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi ya ba ku ladan jinya, na san ba ƙaramin abu ba ne uba ya dube ki yana laluben sunanki. Akwai ƙamshin gaskiya a abin da kika ji, sai dai cutar ta fi yanka ɗaya faɗi, shekaru da gado da lafiyar jijiyoyin jini duk suna ciki.

A fatar sel na ƙwaƙwalwa akwai furotin mai suna APP, kuma almakashi biyu ke rige-rige a kansa. Idan ADAM10 ya riga, yana yanka ne a tsakiyar guntun da ake kira amiloyid, guntun ya lalace tun bai fito ba. Idan BACE1 ya riga, wanda aka gano a 1999, yana yanka a ɗan sama, sai na uku mai suna gama-sekretes ya ƙarasa daga cikin fatar, guntun amiloyid ya fito cikakke, shi ne ke dunƙulewa ya taru tsakanin sel. Kowa yana yin duka biyun, lafiyayye ma, rinjaye ne ke bambanta. A 2012 aka gano wasu mutane a Aisilan da ke da ɗan canji a APP daidai kusa da inda BACE1 ke sa baki, yankan ya ragu, amiloyid ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, kuma cutar bata cika kama su ba.

An gwada toshe almakasan nan ma. Semagacestat, mai toshe gama-sekretes, an dakatar da gwajinsa a 2010 don masu shan sa tunaninsu ya ƙara lalacewa, ga kansar fata ta ƙaru, kuma sanannen abu ne cewa gama-sekretes ɗin shi ke ƙarasa yankan Notch. Verubecestat mai toshe BACE1 shi ma an tsayar a 2017 da 2018 bai taimaka ba. Magungunan da suka fito daga baya irin su lecanemab, da aka amince da shi a Amurka a 2023, ba su taɓa almakashin ba, amiloyid ɗin da ya riga ya fito suke kwashewa, suna ɗan rage saurin cutar ne ga waɗanda take farkon kamu, ba sa dawo da abin da ya tafi, kuma suna iya sa kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa shi yasa sai da hoton kai akai-akai.

Abin da zan roƙe ki, duk wanda ya kawo muku wani abu ya ce yana gyara yankan nan ko yana wanke ƙwaƙwalwa, kar ku ba Baba sai likitansa ya gani. Ku sa ido kan hawan jininsa da suga da jinsa da ganinsa da barcinsa, waɗannan suna hannunku kuma suna taɓa yadda yake wuni. Idan ya kira ki da sunan wata ki amsa masa kawai, ki zauna kusa da shi.